Zaɓen launukan ƙawata gida lokacin Sallah: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Sakkwato

Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko kuma watan Zulhijja ya kama, hankalin magidanta da matan gida a Sakkwato yakan koma kan gyaran gida, domin baƙi za su zo, dangi za su yi zumunci, yara kuma za su cika falo da yawon Sallah. Masu fenti da teloli masu ɗinkin labule da 'yan kasuwar da ke sayar da kafet sun saba jin tambayoyi iri ɗaya kowace shekara. An tattaro waɗanda suka fi maimaituwa a nan, an fara da na tushe kafin a gangara zuwa masu buƙatar dogon bayani, kuma an sa wa kowace lamba domin a riƙa komawa daga wata amsa zuwa wata cikin sauƙi.

1. Me ya sa sai an tsara launuka kafin a fara sayayya?

Tsara launuka shi ne a yanke shawara tun daga gida a kan launuka biyu ko uku da za su riƙe ɗaki, sannan duk abin da za a sayo, daga labule har zuwa rigar matashi, ya fito daga cikinsu. Dalilin yin haka yana cikin kasuwa. Wadda ta shiga babbar kasuwar Sakkwato a goman ƙarshe na azumi za ta tarar da cunkoso, ga ƙishirwa, ga mai shago yana warware mata yadi bayan yadi, kuma kowanne kyakkyawa ne idan an dube shi shi kaɗai. Idan ba ta zo da shawararta ba, takan koma gida da labule ruwan hoda da kafet kore da zanen teburi ruwan goro, sai an shimfiɗa su a ɗaki guda ta ga sun ƙi jituwa, alhali kuɗi sun riga sun tafi, mai shago kuma ba ya karɓar yadin da aka yanka. A ɗaki ake zaɓen launi, kasuwa wurin nemo shi ce kawai.

2. Daga ina ya kamata in fara?

Ku fara da abubuwan da ba za su canza ba kafin Sallah, wato kujerun falo, tayil ko ledar ƙasa, kabad, ƙofofi, da bango idan ba za a sake masa fenti ba. Waɗannan su ne suka cinye mafi yawan abin da ido ke gani, saboda haka su ne za su faɗa muku launukan da za su iya shigowa. Ku tsaya a bakin ƙofa da rana, ku rubuta launuka biyu da suka fi yawa a ɗakin. Idan kujerunku ruwan ƙasa ne, tayil kuma ruwan madara, to kun riga kun sami launuka biyu, saura ɗaya tal kuke nema, ba uku ba.

Idan za ku kasuwa, ku tafi da shaida a hannu. Rigar matashin kujera ɗaya, ko ɓallin tayil da ya rage bayan gini, ya fi hoton waya amfani nesa ba kusa ba, domin waya tana sauya launi gwargwadon hasken da aka ɗauki hoton a cikinsa, kuma fuskar wata wayar ba ta nuna launi daidai da ta wata.

3. Launuka nawa ne suka isa ɗaki ɗaya?

Uku sun isa. Masu aikin ƙawata gidaje suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna amfani da ita, wadda ake raba ɗaki kashi 60 da 30 da 10 cikin ɗari. Kashi 60 na launi mai sanyi ne wanda ke shimfiɗe a bango da ƙasa, kashi 30 na launi na biyu ne da ke kan kujeru da labule, kashi 10 kuma na launi mai ƙarfi ne wanda ake ɗiga shi nan da can a matasai da kwalaben furanni da faranti da zanen teburi. Ba a nufin a ɗauko awo a auna. Abin nufi shi ne launi ɗaya ya jagoranci ɗakin, na biyu ya mara masa baya, na uku kuma ya zama ɗan kaɗan. Wannan kashi 10 ɗin shi ne ainihin kwalliyar Sallah, kuma shi ne mafi araha, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta 11.

4. Yaya zan gane launukan da suka dace da juna?

Akwai hanyoyi uku da ba su cika ba da kunya ba. Ta farko ita ce a ɗauki launi ɗaya a bi shi daga mai haske zuwa mai cizawa, misali ruwan madara a bango, ruwan zuma a labule, ruwan makuba a matasai. Wannan hanya ita ce mafi aminci ga wanda bai saba ba, kuma tana ba ɗaki natsuwa. Ta biyu ita ce a haɗa launukan da suke maƙwabtan juna, kamar shuɗi da kore, ko ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa. Ta uku kuma ita ce a haɗa waɗanda suke kishiyoyin juna, wato shuɗi da ruwan goro, ja da kore, ko rawaya da shunayya, domin kowanne yana ƙara fito da ɗan'uwansa.

Hanya ta uku ita ce ta fi burge mutane, kuma ita ce aka fi yin kuskure a cikinta. Kishiyoyin launuka ba sa son a raba musu ɗaki daidai wa daida. Ja da kore masu ƙarfi, rabi da rabi, suna gajiyar da ido cikin ɗan lokaci. Amma falo mai labule kore mai duhu wanda aka ajiye masa tumtum biyu na jar fata a kusurwa yana da kyau ƙwarai, domin ɗaya ya yi rinjaye, ɗayan kuma ya tsaya a matsayin ado. Launi a ɗaki tamkar yaji ne a miya: mai ƙarfin shi ake sa wa hannu kaɗan.

Ga wasu haɗe-haɗe da suka dace da kayan da aka fi samu a gidajenmu. Kujeru ruwan ƙasa suna karɓar ruwan madara da kore mai duhu. Kujeru ruwan toka suna karɓar fari da shuɗin baba, ko kuma ruwan hoda mai sanyi. Kujeru ruwan hanta, waɗanda suka yi yawa a ɗakunan amare, suna buƙatar bango mai haske sosai da ɗan ruwan gwal, kuma ba sa son a ƙara musu wani jan.

5. Shin akwai launin da addini ya keɓe wa Sallah?

Babu wani launi da aka wajabta ko aka sunnanta a ƙawata gida da shi ranar Idi. Abin da ya zo shi ne kwaɗaitarwa a kan tsabta da ado da sanya tufafi masu kyau, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba farin tufafi. Son da Musulmi ke yi wa kore shi ma yana da tushe, domin Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da kore a Suratul Kahfi aya ta 31 da Suratul Insan aya ta 21, ya kuma ambaci korayen shimfiɗun da suke kishingiɗa a kansu a Suratur Rahman aya ta 76. Duk da haka, wanda ya zaɓi shuɗi ko ruwan zuma bai saɓa wa komai ba.

Abubuwan da ya kamata a kula da su guda biyu ne. Na farko shi ne zanen da ke jikin yadi, domin malamai sun yi magana mai yawa a kan rataye hotunan masu rai, saboda haka labule mai zanen ganye ko furanni ko dagi ko layi-layi ya fi kwanciyar hankali. Na biyu shi ne almubazzaranci, wanda Suratul A'araf aya ta 31 ta yi hani da shi a cikin ayar da ta yi umarni da yin ado. Game da wurin da ake salla a cikin gida, a duba amsa ta 14.

6. Sallah tana zuwa cikin zafi a 'yan shekarun nan. Waɗanne launuka ne suka dace da bazarar Sakkwato?

Shekarar Musulunci ta fi ta Bature gajarta da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa Sallah ke matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ita ranar 30 ga Maris, aka yi Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan yanayi zaɓen launi ba maganar kwalliya ba ce kawai. Launi mai duhu yana shanye hasken rana ya mayar da shi zafi, mai haske kuma yana mayar da mafi yawansa waje. Wanda ya taɓa ɗora hannu a kan baƙar ƙofar ƙarfe da ƙarfe biyu na rana ya san wannan ba sai an faɗa masa ba.

Saboda haka bangon waje da ƙofar gida da duk abin da rana ke duka kai tsaye sun fi dacewa da fari ko ruwan madara ko ruwan yashi. Kakanninmu da suke shafa wa ɗakunansu farar ƙasa kafin Sallah sun haɗa tsabta da sanyi a aiki ɗaya. A cikin ɗaki kuma, fari da shuɗi mai haske da kore mai sanyi suna sa ido ya ji sauƙi, yayin da ja da ruwan goro masu yawa ke sa mutum ya ji kamar zafin ya ƙaru, ko da ma'auni bai motsa ba.

Tagar da ke kallon yamma ita ce mafi wahala, domin ranar la'asar tana shigowa ta nan da ƙarfinta. Idan kuna son labule mai duhu a irin wannan taga, ku sa tela ya yi masa farin shafi ta ɓangaren da ke kallon waje. Shafin zai rage zafin da ke shigowa, zai kuma kare yadin daga koɗewa, musamman ja da shunayya waɗanda rana ke saurin cinyewa.

7. Ƙura fa? An ce fari ba ya zama a garin nan.

Akwai gaskiya a maganar, amma ba dukanta ba, domin ƙurar iri biyu ce. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kawowa daga Sahara tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, fari-fari ce mai laushi, kuma a kan baƙi da shuɗi mai duhu da teburin gilashi ta fi bayyana. A goge da safe, kafin azahar a iya rubutu da yatsa a kai. Jar ƙasar da ƙafafu ke kwasowa daga titi kuwa, ita ce abokiyar gabar farin kafet da fararen kujeru. Ke nan baƙi wuluk da fari fat duka suna tona asirin gida, kowanne ta hanyarsa.

Launukan tsakiya su ne masu rufin asiri: ruwan yashi, ruwan zuma, ruwan toka mai haske, ruwan ƙasa mai sauƙi. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a bar fari a sama, wato silin da rabin bango na sama, a sa launukan tsakiya a ƙasa inda hannu da ƙafa ke kaiwa. Kafet mai ƙananan zane ya fi mai launi ɗaya ɓoye datti. Wannan batu zai ƙara muhimmanci nan gaba, domin Ƙaramar Sallah tana matsawa zuwa Fabrairu da Janairu, wato tsakiyar hunturu, kuma labulen da aka ɗinka bana zai iya kaiwa wancan lokaci.

8. Me ya sa launin da na saya a shago ya sauya da na kawo shi gida?

Haske ne ya sauya, ba yadin ba. Idan kuka duba kwalin kwan fitila za ku ga lamba da harafin K a gabanta. Wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K yana ba da haske mai ɗan rawaya, wanda ke ƙara wa ja da ruwan gwal da ruwan zuma armashi, amma yana dusashe shuɗi, yana kuma mayar da fari ruwan madara. Wanda aka rubuta wa 6500K yana ba da farin haske mai ɗan shuɗi, wanda ke fito da fari da shuɗi da ruwan toka, amma yana sa ruwan madara ya zama kamar ya yi datti. Yawancin fitilun caji da na sola irin wannan farin hasken suke bayarwa, kuma tun da su ne ake komawa gare su idan an ɗauke wuta, ya kamata a gwada launi a ƙarƙashinsu ma.

Kafin ku sa a yanka yadi mai yawa, ku nemi ɗan ƙyalle, ku rataye shi a tagar da za a sa labulen, ku dube shi da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i. Idan ya gamsar da ku a lokutan uku, sai ku koma ku saya. A falo ɗaya kuma kada a gauraya kwan fitila mai rawaya da mai fari, domin bango ɗaya zai fito da launi biyu.

9. Akwai bambanci tsakanin launukan Ƙaramar Sallah da na Babbar Sallah?

Babu wani bambanci na al'ada da ya zama dole, amma aikin da ake yi a gida ya bambanta, kuma hankali yana bin aikin. Ƙaramar Sallah ta tuwo da waina da cincin da dublan ce, tabon da ake tsoro a cikinta bai wuce na miya da na zoɓo ba, saboda haka shimfiɗu masu haske suna iya jurewa. Babbar Sallah kuwa ta layya ce. Ana yanka, ana fiɗa, ana banƙare raguna a jera su kewaye da wuta, washegari kuma mata su wuni suna suya, hayaƙi da maiƙo suna bin iska har cikin ɗaki, yara suna shiga da fita da nama a hannu. A wannan Sallar ya fi kyau a naɗe farin kafet a ajiye, a lulluɓe hannun kujeru da yadi mai cizawa kamar ruwan hanta ko ruwan makuba ko kore mai duhu, wanda za a iya cirewa a wanke. Idan jini ya taɓa yadi, da ruwan sanyi ake fara wanke shi, domin ruwan zafi yana kama tabon ya zaunar da shi.

10. Ina so in sake fenti. Yaushe ya kamata a yi, kuma wane iri?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku gama fenti aƙalla mako biyu kafin Sallah, domin a makon ƙarshe masu fenti suna da aiki fiye da ƙarfinsu, kuɗin aiki yana hawa, kuma aikin gaggawa ba ya kyau. Fentin ruwa yana bushewa cikin 'yan sa'o'i kuma warinsa ba ya daɗewa, shi ya sa ya dace da bangon ɗaki da silin. Fentin mai yana buƙatar kusan yini da kwana kafin a ƙara masa shafa ta biyu, warinsa kuma yakan yi kwanaki, wanda abu ne mai wahala ga mai azumi da ƙananan yara. Amfaninsa shi ne ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, don haka ya dace da ƙofofi da tagogi da rabin bango na ƙasa a zaure da madafa. Idan bangon sabuwar filasta ce, a ba ta kamar mako huɗu ta bushe sosai, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare.

Wajen lissafi, lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya idan bangon mai santsi ne, kuma shafa biyu ake bukata. Ku sayi abin da zai ishe ku a lokaci guda, domin bokiti biyu masu suna ɗaya da aka yi a lokuta dabam suna iya bambanta kaɗan. Idan kuma mai fenti ne zai haɗa launin da hannunsa, ya haɗa na ɗakin gaba ɗaya a mazubi guda. Ku sa ya fara shafa faɗin kamu biyu a bango, ku bari ya bushe, ku duba shi kamar yadda aka faɗa a amsa ta 8, domin launi a faffaɗan bango ya fi yadda yake a ɗan katin shago ƙarfi. A lokacin bazara a yi aikin waje da sassafe ko bayan la'asar, saboda bango mai zafi yana busar da fenti kafin ya kama, sai sawun burushi ya fito.

11. Kuɗina kaɗan ne, kuma gidan haya nake. Me zan iya canzawa?

Ku bar bango da kujeru yadda suke, ku yi aiki a kan kashi 10 da aka ambata a amsa ta 3. Yadi huɗu ko biyar na launi ɗaya mai kyau zai fitar da rigunan matasai da zanen teburi da maɗaurin labule, kuma idan wannan launi ya bayyana a wurare uku ko huɗu a falo, ido yakan ɗauka an sake ɗakin ne gaba ɗaya. Wanke labule da goge shi, da rage tarkacen da ke kan kabad, da canza kwan fitila, suna yin aikin da mutane ba su zata ba. Sau da yawa abin da ɗaki ke bukata ragi ne, ba ƙari ba: a cire furannin roba masu launi bakwai, a bar kala ɗaya.

Ba daidai ba ne magidanci ya ci bashi saboda labule alhali ga zakkar fid da kai, ga ɗinkin yara, ga abincin Sallah, ko ga ragon layya suna jiransa. Hausawa sun riga sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

12. Kayan gargajiya za su shiga falon zamani kuwa?

Za su shiga, kuma a Sakkwato barinsu asara ce. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun ƙarnoni da suka wuce, lokacin da fatake ke ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta isa Turai inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Majema suna jeme ta da bagaruwa, ana rina ja da karan dafi, dukawa kuma su yi tumtum da matasai da ita, su ƙawata su da baƙi da kore da rawaya. Jan wannan fata ba irin jan roba ba ne, yana da zurfi da ɗan duhu, shi ya sa yake zama lafiya kusa da ruwan madara da ruwan yashi da ruwan toka.

Hanya mai kyau ita ce a ɗauki abu ɗaya na gargajiya a mayar da shi tushen tsarin gaba ɗaya. Ku dubi tumtum ɗinku ko faifan da kuke so, ku ciro launuka biyu daga jikinsa, ku maimaita su a labule da matasai. Faya-fayai biyar ko bakwai da aka jera a farin bango sun isa ado, haka ma ƙoren da aka yi wa zane, ko zanen saƙi mai shuɗin baba da aka yafa a bayan kujera. Abin lura game da rinin baba shi ne yana zuba idan sabo ne, saboda haka kada a ɗora shi a kan farar kujera sai an wanke shi. Fata kuma ba ta son rana kai tsaye, domin tana bushewa ta tsage.

13. Ina son ruwan gwal. Yaya zan sa shi ba tare da ya yi yawa ba?

Ku bar shi a ƙananan abubuwa: bakin faranti, kaskon turaren wuta, sandar labule, zaren da ke gefen matashi. Idan kujerun masu sassaƙa ne da aka riga aka shafa wa ruwan gwal, to ɗakin ya sami rabonsa, labule ya zama marar ƙyalli. A zaɓi ɗaya tsakanin ruwan gwal da ruwan azurfa. Na farko yana tafiya da ja da kore da ruwan zuma, na biyu kuma da shuɗi da fari da ruwan toka.

14. Dole ne dukan gidan ya zama launi ɗaya? Zaure da tsakar gida da wurin salla fa?

Ba dole ba ne, amma yana da kyau a sami launi ɗaya da ke bin gidan daga ƙofa har ciki, ko da a fentin ƙofofi ne kawai. Zaure wurin maza ne da baƙin maigida, ana zama a ƙasa, ana cin abinci, ana shigowa da ƙura, don haka darduma ko tabarma mai launi mai cizawa da bango mai haske sun wadatar. A tsakar gida rana ce ke mulki, kuma duk wani yadi mai ƙarfin launi da aka bari a nan zai koɗe, saboda haka tabarmi da tukwanen shuke-shuke sun fi dacewa. Koren ganye na gaske yana tafiya da kowane launi.

Wurin da ake salla ya fi son sauƙi. Ya zo a cikin Sahihul Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da wani labule mai zane da ta rufe gefen ɗakinta da shi, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta kawar da shi domin zanensa yana bijiro masa a cikin salla. Saboda haka bangon alƙibla ya kasance launi ɗaya mai sanyi, babu tarin ado.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ko gidan gandu da ake tarayya a falo, kowace ta zaɓi launin ɗakinta yadda ranta ke so, wurin tarayya kuma a bar shi da launi mai sanyi wanda ba na kowa ba. Maigida ya daidaita abin da zai kashe wa kowane ɗaki, domin ƙaramin abu irin labule yana iya ɓata wa iyali Sallarsu.

15. Za mu yi anko, kuma a falo za a ɗauki hotuna. In daidaita launin ɗaki da na kayanmu?

Kada ku daidaita su. Iyalin da suka sa shuɗiyar shadda suka tsaya gaban shuɗin labule za su narke a cikinsa, fuskoki kawai za a gani. Atamfa da leshi sun riga sun zo da launuka masu yawa, abin da suke bukata shi ne bango ko labule marar zane a bayansu, ruwan madara ko ruwan toka mai haske. Idan kuna son alaƙa tsakanin kayan da ɗakin, ku sa tela ya ɗinka rigar matashi ɗaya ko biyu da ragowar yadin ankon. Ku tuna kuma cewa anko na bana ne kawai, labule kuwa zai ga Salloli da yawa.

16. Mu Kiristoci ne mazauna Sakkwato. Waɗannan shawarwari sun shafi Kirsimeti?

Sun shafe ta. Launukan da aka saba da su a Kirsimeti su ne ja da kore da ruwan gwal da fari, kuma tun da ja da kore kishiyoyi ne, sai a bi abin da aka faɗa a amsa ta 4, a bar ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ranar 25 ga Disamba tana faɗowa a tsakiyar hunturu kowace shekara, saboda haka amsa ta 7 ta fi shafar ku: bishiyar ado mai kore mai duhu da ƙwallaye masu sheƙi suna kwasar ƙura da wuri, suna bukatar a riƙa kaɗe su. Ƙananan fitilun ado masu launi ɗaya sun fi masu launuka barkatai fito da tsarin ɗaki, kuma a nisanta su da labule, a kashe su kafin a kwanta.

17. Yaya zan adana kayan ado bayan Sallah domin launinsu ya kai wata shekara?

A wanke komai kafin a ajiye, domin tabon maiƙo da ba a gani yau yakan koma rawaya bayan watanni. A wanke masu duhu dabam da masu haske, a juya su bai-bai, a shanya su a inuwa. Ranar Sakkwato tana busar da yadi cikin ɗan lokaci ko a ƙarƙashin rumfa, kuma shanya jan yadi a tsakiyar rana sau biyu ko uku ya isa ya rage masa kyau. A tabbatar sun bushe sarai kafin a ninke, musamman kayan Babbar Sallah da ake ajiyewa a bakin damina, saboda danshi yana kawo fumfuna. A raba farare da rinannu a cikin akwati, a sa tsohon farin zane tsakaninsu. Kayan fata kuma ba a ɗaure su a leda, a lulluɓe su da yadin auduga a ajiye inda iska ke shiga. Daga ƙarshe a yanki ɗan ƙyalle daga kowane yadi, a rubuta suna da lambar fentin da aka yi amfani da shi a takarda, a haɗa su a ambulan ɗaya, domin da su za a je kasuwa idan ana son ƙari ko gyara a Sallah mai zuwa.